Zambon da Hollywood ke yi wa kanta: suka ce ta gaskiya ko wata hanyar ciniki?

"Assalamu alaikum Malam. Kwanan baya na kalli Tropic Thunder, daga baya kuma na kalli The Fall Guy, sai na lura dukansu fina-finan faɗa ne masu barkwanci da ke yi wa masu shirya manyan fina-finai ba'a: jarumai masu girman kai, furodusoshi masu haɗama, da daraktocin da aiki ya fi ƙarfinsu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ai kamfanonin da ake yi wa ba'ar su ne suka zuba kuɗin shirya fina-finan. Yaya za a yi mutum ya biya a zage shi? Sukar da gaske ce, ko dai wata dabarar karɓar kuɗinmu ce? Sannan mai sha'awar rubuta irin wannan labari, da me ya kamata ya lura?" Daga wani mai karatu a Zariya.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Na gode da wannan tambaya, ɗan'uwa, domin ta taɓo batun da na daɗe ina tattaunawa da matasan marubutan da muke zama da su muna nazarin fim. Idan na fahimce ka daidai, kana son sanin dalilin da zai sa kamfani ya kashe miliyoyin daloli a kan fim ɗin da ke tona masa asiri, kana son a auna maka nauyin wannan tonon asiri, sannan kana neman abin da marubuci zai koya daga ciki. Aikina tace fim ne da rubutun labari a nan Kano, kuma daga wannan kujerar zan ba ka amsa. Abin da na tsaya a kai bayan shekaru ina kallon irin waɗannan fina-finai shi ne, sukar tana ɗauke da gaskiya, amma tana da iyaka, kuma kuɗin da aka kashe wa fim ɗin ne ke shata mata iyakar. Ba'ar takan sauka da ƙarfi a kan jarumi da darakta, takan yi laushi idan ta iso kan mai jari, kuma da wuya ta taɓa yadda ake lissafin riba da raba ta.

Abin da ake yi wa zambon

Kafin a fahimci zambo sai an san wanda ake yi wa. Tsarin manyan fina-finai da muka sani yau ya kafu ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da Jaws na 1975 da Star Wars na 1977 suka nuna wa kamfanonin Amurka cewa fim ɗaya, idan aka sake shi lokacin hutun zafi kuma aka mara masa baya da gagarumin talla, zai iya kawo abin da ƙananan fina-finai goma ba za su kawo ba. Daga nan kasafi ya yi ta hauhawa, haɗarin asara ma ya hauhawa tare da shi. A 1980 fim ɗin Heaven's Gate ya ci kimanin dala miliyan 44, cinikinsa a Amurka bai kai miliyan 4 ba, kuma ba a daɗe ba aka sayar da kamfanin United Artists da ya shirya shi. Ka kuma riƙe cewa gidajen sinima na ɗaukar kusan rabin kuɗin tikiti, sannan kuɗin talla daban yake da kasafin shiryawa, saboda haka fim ɗin da ya ci dala miliyan 100 yakan buƙaci cinikin da ya ninka haka fiye da sau biyu kafin jari ya dawo.

Wannan lissafi ne ke haifar da tsoro, tsoron kuma shi ke haifar da ɗabi'un da kake gani ana yi wa dariya. Don tsoron asara ake lallaɓa tauraro kamar ƙwai, tunda sunansa ne ke jawo masu kallo. Don tsoron asara ake maimaita labarin da ya taɓa yin kasuwa har kashi na biyar da na shida. Shi ya sa kuma kowane fim ɗin faɗa ke ƙarewa da ekta ya yi wa bos kisan ban mamaki a tsakiyar wuta da hayaƙi, domin an gwada an ga hakan na sayarwa. Marubucin da ya zauna a cikin wannan masana'anta ba ya buƙatar ƙirƙirar abin dariya mai yawa, ya ishe shi ya ɗan ƙara gishiri a kan abin da yake gani kullum.

Tropic Thunder, inda wuƙar ta fi kaifi

Tunda da shi ka fara, kuma shi ne ya fi cancantar dogon nazari, bari mu zauna a kansa. Ben Stiller ne ya ba da umarni, ya kuma fito a matsayin jarumi, an sake shi a watan Agustan 2008, an ɗauke shi a tsibirin Kauai na Hawai da kasafin kusan dala miliyan 92, ya kuma yi cinikin kimanin miliyan 195 a duniya. Labarinsa na wasu 'yan wasa ne da ke ɗaukar fim ɗin yaƙin Biyetnam, kuma tushensa na cikin tarihin gaske. Lokacin da Francis Ford Coppola ke ɗaukar Apocalypse Now, fim ɗin yaƙin Biyetnam, a ƙasar Filifin, guguwa ta rushe masa wuraren da aka gina don ɗauka, jarumin fim ɗin Martin Sheen ya samu bugun zuciya, aikin ya zarce kwana 200, har daraktan ya jingina dukiyarsa kafin fim ɗin ya fito a 1979. Tun daga lokacin 'yan wasan da suka yi fina-finan yaƙin Biyetnam suka riƙa ba da labarin wahalar horon 'yan kwanaki da aka ba su kamar sun je fagen daga da gaske, kuma wannan cika baki ne ya fara jan hankalin Stiller tun yana matashin ɗan wasa.

Dubi yadda aka rarraba zambon. Tun kafin labari ya fara, ana nuna maka tallan fina-finai na ƙarya da aka shirya da ƙwarewa, har mai kallo a sinima kan ɗauka na gaske ne: fim ɗin faɗa da ya kai kashi na shida ba tare da sabon tunani ba, fim ɗin barkwancin da ba shi da abin dogaro sai ƙazanta, da fim ɗin da aka dafa musamman don cin kyauta. Cikin 'yan mintuna an fasa maka tukwane uku da masana'antar ke dafa abincinta a ciki. Sai a kai ka lokeshin, inda jarumai ke gardama a kan wanda zai yi kuka, mai kula da nakiyoyi kuma ya tayar da fashewar da ta ci dala miliyan 4 alhali ba a ɗauka. Daraktan, wanda ya kasa juya taurarinsa, ya kwashe su zuwa daji don su ɗanɗana wahala, ya taka nakiya ya mutu nan take, jarumin kuwa ya dage cewa dabarar fim ce. Tsohon sojan da aka ɗauko labarin daga littafinsa ma daga baya ya bayyana cewa bai taɓa zuwa yaƙin ba. Kowane mataki na aikin an nuna shi a matsayin ƙarya da aka ɗora a kan wata ƙarya.

Wurin da na fi ɗauka da muhimmanci shi ne fitowar Les Grossman, mai jarin da Tom Cruise ya taka. Lokacin da masu fataucin miyagun ƙwayoyi suka kama jarumin suka nemi kuɗin fansa, Grossman ya yi lissafi ya gano cewa mutuwar jarumin ta fi masa riba, domin zai karɓi kuɗin inshora, har ya yi wa wakilin jarumin tayin jirgin sama da kuɗi don ya yi shiru. A nan fim ɗin ya faɗi magana mai nauyi ƙwarai, wato a idon jari ɗan wasa kadara ce da ake auna ranta da mutuwarta a sikeli ɗaya. To amma lura da abin da aka yi da wannan magana. Ba a hukunta Grossman ba, bai yi asarar ko sisi ba, hotunan da ɓoyayyun kyamarori suka ɗauka a daji an haɗa su sun zama fim ɗin da ya kwashi kyaututtukan Oscar, kuma an rufe fim ɗin da shi yana tiƙar rawa, masu kallo suna fita suna ƙaunarsa. Ana iya cewa wannan shi ne zambo mafi ɗaci, tunda ya nuna mai kuɗi ne ke cin nasara a ƙarshe. Ana kuma iya cewa rawar ta wanke shi. Ni ina ganin duka biyun sun faru, amma na biyun ya rinjaya, kuma abin da ya biyo baya ne hujjata: Cruise, wanda dangantakarsa da kamfanin Paramount ta yanke a bainar jama'a a 2006, ya farfaɗo da farin jininsa ta wannan fitowa, aka sa shi cikin 'yan takarar kyautar Golden Globe, har ya sake fitowa da kamannin Grossman a bikin kyaututtukan MTV na 2010. Mugun da aka ƙirƙira don a tsane shi ya zama kayan talla.

Akwai wani ɓangare da bai kamata in tsallake ba, domin a kansa aka fi yin ce-ce-ku-ce. Robert Downey Jr. ya fito a matsayin ɗan wasa Bature daga Ostireliya da aka yi wa aikin sauya launin fata don ya taka rawar baƙar fata, kuma hakan ya sa aka saka shi takarar Oscar, wadda Heath Ledger ya lashe. Manufar a fili take: ana yi wa 'yan wasan da ke wuce gona da iri ba'a, tare da masana'antar da ke miƙa wa farar fata rawar da ta dace da baƙi. Abin da ya tallafi wannan ɓangare shi ne an ajiye ɗan wasa baƙar fata na gaske a gefensa, yana ƙalubalantarsa a kowane mataki, duk da haka mutane da yawa sun ji ciwo saboda tsohon tarihin shafa baƙi a fuska don wulaƙanta baƙaƙen Amurka. Ɗaya ɓangaren kuwa, inda jarumin da Stiller ya fito a matsayinsa ya taɓa taka rawar mai raunin ƙwaƙwalwa don neman kyauta, ya jawo zanga-zangar ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman, ciki har da Special Olympics, har kamfanin ya sauke shafin intanet da ya buɗe don tallan wannan ɓangare. A nan na fi karkata ga masu ƙorafin. An ce 'yan wasa masu kwaɗayin kyauta ake nufi, amma babu ko mutum ɗaya mai irin wannan lalura a cikin labarin da aka ba bakin mayar da martani, saboda haka kalmar zagin masu wannan lalura da aka yi ta maimaitawa a fim ɗin ta fita daga sinima ta shiga bakin yara a titi, kuma waɗanda ba su da hannu a harkar fim ne suka sha dukan.

Me ya sa suke biya?

Dalili na farko ba shi da wuyar ganewa, wato dariya na sayarwa, kuma mai kallo na jin daɗi idan aka ɗauke shi a matsayin ɗan gida da ya san sirri. Fim ɗin da ya ce maka ya san ka gaji da kashi na shida ya riga ya saye ka, ko da shi kansa fashe-fashen da ka gaji da su yake nuna maka. Na biyu, tauraron da ya yarda a yi masa dariya yakan ƙara daraja, domin jama'a na ɗaukar hakan a matsayin tawali'u. Haka Nicolas Cage ya yi a The Unbearable Weight of Massive Talent na 2022, inda ya fito da sunansa a matsayin ɗan wasan da bashi ya yi wa katutu har ya karɓi kuɗi don halartar bikin wani attajiri. Na uku, wanda ya riga kowa faɗin aibinsa ya rage wa masu sukarsa makami.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Wasan gauta da aka san matan fada da yi, suna kwaikwayon sarki da hakimansa, a cikin fada ake yin sa, da iznin fada. Yakan isar da saƙo na gaske, hakimi ya ga halinsa a fili ya ji kunya, amma ba a taɓa shirya shi don a tambayi dalilin zaman sarautar ba. Haka ma makaɗin fada, zambonsa kan masu ja da ubangidansa yake sauka. Zambon Hollywood ma a cikin gida ake yin sa, da kuɗin gida, kuma ya san ƙofar da ba a buɗewa.

Ƙofar ita ce lissafi. A 2010 wata takardar lissafin kamfanin Warner Bros ta fito fili tana nuna cewa Harry Potter and the Order of the Phoenix, wanda ya yi cinikin sama da dala miliyan 900, yana cikin gibin kimanin miliyan 167, saboda kuɗin rarrabawa da talla da ruwan bashi da kamfanin ya caji fim ɗin, mafi yawansu zuwa aljihun kansa. Ma'anar haka ita ce, marubuci ko ɗan wasan da aka yi wa alkawarin kaso daga tsantsar riba ba zai ga komai ba. Wannan abin dariya ne kuma abin kuka, ya fi girman kan kowane jarumi cutar da ma'aikata, kuma batun rabon kuɗin da fim ke samarwa da albashi da ƙirƙirarriyar basira ne irin matsalolin da suka kai marubuta da 'yan wasan Amurka ga yajin aikin watanni a 2023. Duk da haka za ka daɗe kana nema kafin ka ga babban fim ɗin faɗa da ya ɗora barkwancinsa a kai. Fina-finan da suka fi matsa wa shugabannin kamfanoni, irin The Player na Robert Altman a 1992, ƙanana ne, ba su da jiragen yaƙi da za a biya wa kuɗi, don haka ba su da mai jarin da za su ji tsoronsa sosai.

Matsalar da ke cikin sana'ar kanta

Ban da siyasar kuɗi, akwai wata matsala ta aiki wadda na fi saninta da hannuna. Idan kana son yi wa babbar fashewa ba'a, dole ka tayar da babbar fashewa, kuma da zarar ta tashi da kyau, mai kallo zai ji daɗinta kamar yadda yake jin daɗin wadda kake zagi. Saboda haka kusan duk waɗannan fina-finai, idan sun shiga ɓangaren ƙarshe na labari, sukan rikiɗe su koma abin da suka fara da yi wa dariya. Mintunan ƙarshe na Tropic Thunder fim ɗin yaƙi ne cikakke, da gadar da aka tarwatsa da jirgi mai saukar ungulu da ya zo ceto.

Wanda ya fi faɗawa wannan rami shi ne Last Action Hero na 1993. Wasu matasan marubuta biyu, Zak Penn da Adam Leff, suka rubuta shi don yi wa fina-finan faɗa na shekarun 1980 ba'a, sai kamfanin Columbia ya saya, ya ba Shane Black, marubucin Lethal Weapon, ya gyara, ya ɗauko John McTiernan da ya ba da umarnin Die Hard, ya sa Arnold Schwarzenegger a gaba. Wato waɗanda ake yi wa zambon aka miƙa wa kalangun. Tunanin labarin kyakkyawa ne: yaro ya shiga cikin fim da tikitin sihiri, daga baya jarumin da bos ɗin suka fito duniyar gaske, inda jarumin ya naushi gilashin mota hannunsa ya yi ciwo, bos ɗin kuma ya harbe mutum a titi ya tsaya jiran 'yan sanda bai ga kowa ba, ya gane cewa a nan mugu na iya cin nasara. Wannan fitowa tana cikin mafi zurfin abin da wannan nau'in fim ya taɓa samarwa. Amma fim ɗin ya kasa zaɓa tsakanin yi wa Schwarzenegger dariya da sayar da shi, an tace shi cikin gaggawa don a cim ma ranar da aka tsayar, aka kuma sake shi mako ɗaya bayan Jurassic Park. Da kasafin kusan dala miliyan 85, cinikinsa a Amurka ya tsaya wajen miliyan 50, aka lissafa shi cikin faɗuwar shekarar, ko da yake daga baya ya samu masoya.

Na taɓa cin karo da ƙaramin samfurin wannan matsala a teburin tacewa. An kawo mini wani fim na barkwanci da ke da fitowar da ake kwaikwayon faɗan fina-finan Indiya, kuma an ɗauke ta sakaka, da tunanin cewa tunda wasa ne ba sai an wahala ba. Da muka gwada ta a gaban mutane kaɗan, babu wanda ya yi dariya, domin ba su iya bambance ba'a da rashin iya aiki ba. Aka koma lokeshin aka sake ɗauka da gaske, aka tsara kowane naushi, aka sa sautin da ya dace, ɗan wasan ya ɗaure fuska kamar ransa ne a kai, sai a daƙiƙar ƙarshe aka bar abin dariyar ya faɗo. A nan ne fitowar ta yi aiki. Wani abin da na lura da shi a zamanmu na nazari kuma, matasan da ba su taɓa kallon Platoon na 1986 ba, ba sa dariya idan jarumin Tropic Thunder ya ɗaga hannuwa sama harsasai na ratsa shi, domin ba su san hoton da ake kwaikwayo ba. Zambo na buƙatar mai sauraro ya san wanda ake nufi.

The Fall Guy da mutanen da ba a ganin fuskarsu

Fim na biyu da ka ambata ya fi laushi, kuma a ganina yabo ya fi yawa a cikinsa fiye da zambo, amma ya yi wani abin da sauran ba su yi ba. David Leitch da ya ba da umarninsa a 2024 tsohon ɗan kasada ne, wato cikin masu maye gurbin jarumi a wuraren haɗari, kuma ya daɗe yana yi wa Brad Pitt wannan aiki. Sai ya mayar da ɗan kasada jarumin labari, ya mayar da tauraron da ke ƙaryar shi yake yin kasadarsa da kansa mugu, furodusar kuma ta yi amfani da hoton fuskar ɗan kasadar da aka ɗauka da kwamfuta don ta ɗora masa laifin kisa. Batun mallakar fuskar ɗan wasa na cikin abin da aka yi yajin aikin 2023 a kansa, saboda haka a nan fim ɗin ya taɓa ciwo mai rai. A wajen ɗaukarsa a Ostireliya, direban kasada Logan Holladay ya kafa tarihi da mirgina mota sau takwas da rabi, ya wuce bakwai da aka yi a Casino Royale na 2006, kuma an rufe fim ɗin da nuna ainihin mutanen da suka yi faɗuwar da ƙonewar. Aikin nan ana mutuwa a cikinsa, kamar yadda wata mai tuƙin babur, Joi Harris, ta rasu a wajen ɗaukar Deadpool 2 a 2017.

Cinikin The Fall Guy, kimanin dala miliyan 180, bai gamsar ba idan aka dubi kasafin da ya haura miliyan 120. Sai dai a watan Afrilun 2025 hukumar da ke ba da Oscar ta sanar da sabuwar kyauta ta tsara kasada, wadda za a fara bayarwa a biki na 100 a 2028. 'Yan kasada sun shafe shekaru da dama suna wannan fafutuka, don haka kuskure ne a jingina nasarar ga fim ɗaya, amma Leitch na cikin waɗanda suka ja ragamar neman, kuma fim ɗin ya kai ƙorafin kunnen jama'a. Wannan ne misalin da na fi kafa hujja da shi idan aka ce mini irin waɗannan fina-finai ba sa sauya komai.

Tunda mu masu kallon fina-finan Indiya ne, ka san su ma suna da nasu. Farah Khan ta yi Om Shanti Om a 2007, inda aka yi wa bikin kyaututtuka da 'ya'yan taurari ba'a, sannan ta yi Tees Maar Khan a 2010, inda ɗan damfara ya fake da shirya fim don ya yi fashin jirgin ƙasa, ya ja ra'ayin wani jarumi mai haukan son Oscar. Om Shanti Om ya bar darasi guda, domin tsohon jarumi Manoj Kumar ya ji an ci masa mutunci da yadda aka kwaikwaye shi, har maganar ta kai kotu.

Ga mai son rubutawa

Duk abin da na faɗa hukunci ne na mai kallo daga wajen Hollywood wanda aikinsa ke kan ƙananan fina-finai, kuma alƙaluman ciniki suna nuna abin da ya faru ne kawai, ba sa tabbatar da dalilinsa, don haka wani masani na iya karanta rawar Grossman ko faɗuwar Last Action Hero ta wata fuska dabam. Da wannan sharaɗi, ga abin da nake gaya wa masu zuwa wurina da irin wannan labari. Ka fara da tambayar kanka wa zai ji zafin dariyar, kuma ko yana da bakin ramawa a cikin labarin. Idan mai rauni ne kuma ka bar shi shiru, ka sake tunani. Ka rubuta faɗan kamar ba wasa kake yi ba, ka bar 'yan wasan su yarda da halin da suke ciki, domin da zarar sun nuna sun san abin dariya suke yi, dariyar ta mutu. Ka gina mutumin da za ka yi wa zambo daga halayen mutane da yawa, kada ka ɗauko mutum ɗaya da kowa zai gane.

Kada kuma ka kwafo abin da Amurkawa ke yi wa ba'a, domin ciwonsu yawan kuɗi ne, mu kuwa a Kannywood ƙarancinsa ne. Jirgin sama na alfarma da fashewar dala miliyan 4 ba za su ba mai kallonmu dariyar gane kai ba. Abin da zai gane shi ne jarumin da ya karɓi aiki uku a rana ɗaya ana jiransa a lokeshin tun hantsi, da janaretan da ya mutu a tsakiyar fitowar kuka, da fim mai dogon zango da ake ta jan sa saboda masu kallo a YouTube ba su ragu ba, da mai riƙe fitila da aka ce ya dawo gobe ya karɓi kuɗinsa. Idan ni ne kai, daga wannan mai riƙe fitilar zan fara labarin, in sa shi ne ya san duk abin da ke faruwa a wurin, in kuma tabbatar cewa furodusan da ya riƙe masa haƙƙi ya fito a fitowar ƙarshe an tambaye shi lissafi a gaban kowa.